Yadda Ɗalibin Tawa Zai Farauci Labarin Janar Zaroff Ya Dawo da Nama

Ɗalibin da malami ya ɗora wa nazarin The Most Dangerous Game, gajeren labarin da Ba'amurke Richard Connell ya fitar a mujallar Collier's a 1924, ya kwantar da hankalinsa, aikin bai kai noman gero a duwatsun Adar wuya ba. Shawara ta farko, ka tafi da shi fada, a ɗora shayi, ka riƙa karantawa kana fassara wa abokai. Kafin a sauke na uku an gama. Sanger Rainsford, gawurtaccen maharbi daga New York, yana hanyar Amazon farauta sai ya faɗo daga jirgin ruwa, ya yi iyo har wani tsibiri. Mai tsibirin, Janar Zaroff, namun daji sun daina ba shi wuya, don haka ya koma farautar mutane. Ya ba baƙon nasa wuƙa da guzuri, da sharaɗin in ya tsira kwana uku ya ci gari. Wanda duk ya bar shayinsa ya huce a nan, labarin ya kama shi.

Shawara ta biyu, kada ka ƙare ƙarfinka wajen haddar tarkunan da Rainsford ya ɗana. Uku ne kacal: icce ya raunata Zaroff a kafaɗa, rami ya cinye masa kare, wuƙa ta kashe baransa Ivan. Naman yana can farkon labarin, a hirar cikin jirgi, inda Rainsford ya nuna wa abokinsa Whitney cewa babu ruwansa da abin da dabba ke ji. Da gangan Connell ya ajiye hirar a nan, domin wanda ya raina tsoron dabba shi ne zai lafe a reshen bishiya yana sauraren takun mai bindiga. Wannan sawun za ka bi har ƙarshe.

Shawara ta uku, ka sayi goro ka je gaida tsohon mahalbi, ka ce masa, "Baba, don me kuke shiga daji?" Zai lissafa maka nama, da magani, da kare garke daga kura, ya kuma gaya maka akwai Sarkin Baka da ake jin maganarsa. Sai ka auna Zaroff da wannan ma'auni. Ba ya jin yunwa, ba shi da garke, babu na gaba da shi. Nishaɗi kawai yake nema, shi kuwa nishaɗi ba ya ƙoshi. Mai neman abinci yana tsayawa in taiki ya cika, mai neman daɗin kisa kullum sai ya ƙara, har ya kai ga ɗan Adam. Gundarin labarin ke nan.

Wani zai ce ina ruwan Tawa da labarin teku da tsibiri? Ya tambayi dattawan Azawak ina mariri ya shiga. A 2000 aka ayyana cewa ya ƙare a dajin duniya, sai a 2016 aka fara mayar da shi dajin Cadi. Raƙuman dawan Nijar kuwa sun ragu zuwa kusan 50 a 1996, a yankin Kure. Fari da sarar daji sun yi tasu ɓarnar, amma bindiga da mota a hannun wanda ba shi da birki sun ƙarasa aikin. Wani kuma zai ce ai Rainsford ma ya kashe Zaroff ya kwana a gadonsa, ina darasin? Connell bai ce ya tuba ba, bai kuma ce ya gaji janar ba, kuma a wannan giɓin ne maki yake. Ka ɗauki ɓangare ɗaya, ka kafa hujja da abin da Rainsford ya faɗa a jirgi da abin da ya aikata a tsibiri, ka rubuta ba tare da inda-inda ba. Malami yana gane ɗalibin da ya shiga dajin da ƙafarsa da wanda ya sayo kilishi a tasha.