Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Dillalin Cikin Kwamfuta

Zuwa ga Malam Wakili, dillalin da ba ya karɓar la'ada.

Labari ya iske mu cewa masu sayar da hidimar intanet da manyan abokan cinikinsu, da suka gaji da doguwar muhawara a kan farashi, suna neman ɗora maka wakilci, kai da takwaranka na ɗaya ɓangaren, domin ku yi tayi, ku yi ragi, ku ƙulla sharaɗi a kan saurin layi da jinkirin saƙo da abin da za a biya, duk kafin ƙiftawar ido. Nasabarka kuwa sananniya ce, gama tun 1980 Reid Smith ya bayyana yadda na'ura za ta yi shelar aiki 'yan'uwanta su kawo tayi, sa'an nan ƙungiyar FIPA, wadda aka kafa a 1996, ta shimfiɗa muku ladubban zance, har da yadda ake ƙin tayi ba tare da an ɓata zumunci ba.

Haziƙancinka ba mu musunsa. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, idan mai layi ya yi alkawarin hidima 99.9 cikin 100, kai kuma ka sallama cikin farin ciki, ɗan gutsuren da ya saura, wanda ido ke rainawa, ya kai awa 8 da minti 45 a shekara, waɗanda yarjejeniya ta halatta masa ya yi shiru a cikinsu. In ma ya zarce haddi, diyyar galibi ragi ce daga kuɗin wata mai zuwa, ko da hasarar mai saye ta ninka haka sau ɗari. Sau da yawa kuma shi mai alkawarin ne ke riƙe da ma'aunin.

Malaman fiƙihu sun ɗauki wakili amintacce, in an tuhume shi a rantsar da shi. To kai, Allah gafarta Malam, da ba ka alwala, ba ka jin kunyar surukai, ba ka kuma taɓa tsayawa a layin banki ana ce maka sabis ya ɗauke ba, da me alƙali zai rantsar da kai?

Roƙonmu ƙanƙane ne. In kun sake zama da takwaranka, kafin ka ce ka saya, ka tambaye shi ko awoyin nan za su faɗo ne tsakar dare ko kuwa ranar biyan albashi.

Haza wasalam,
Wani mai biyan kuɗin layi.