Malamin da sunansa ya koma zagi

A da, idan Bature ya gaji da yaron da karatu ba ya shigarsa, sai ya kira shi "dunce", wato daƙiƙi. Yanzu kalmar ta ɗan tsufa.

Abin dariyar yana wajen asalinta. Sunan wani gawurtaccen malami ne, John Duns Scotus, mutumin Sikotland, wanda ya karantar a Oksfod da Faris, ya rasu a Kolon ta Jamus a 1308. Mutum ne mai bin mas'ala har ƙuryar ɗaki, har aka yi masa laƙabi da malami mai zurfin nazari. Bayan kimanin shekara 200, sai sababbin masana suka taso, suka ga mabiyansa sun kafe a kan tsohon karatu, ko gezau. Suka mai da sunan malamin abin tsokana. Almajirai suka yi taurin kai, malam yana kabari ya sha zagi.

Daga baya har hula aka yi wa sunan. A makarantun Ingila da Amurka, sai a naɗe takarda kamar an kifa mazurari, wani lokaci a rubuta harafin D, a ɗora wa yaro a ka, a tsayar da shi a kusurwar aji 'yan uwansa na ƙunshe dariya.

A 1993 Paparoma John Paul na Biyu ya ɗaga darajar malamin zuwa sahun masu albarka. Masu ƙamus dai ba su canza komai ba.