Zuwa ga Wasiƙa Mai Lamba 6419

Ranki ya daɗe,

Ba sai na tambaya ko kin iso lafiya ba, domin tun asubahin yau gidana bai zauna ba. Ni direban tasi ne a Bronx, mai mata ɗaya da 'ya'ya uku, kuma ban taɓa rigima da takardar gwamnati ba sai da kuka zo mana ku biyu, ɗaya da sunana, ɗaya da sunan uwargida.

Aikin da aka aiko ki ba shi da wuya. A watan Maris na 2021 majalisar Amurka ta ɗaga rangwamen harajin yara zuwa dala 3,600 ga wanda bai kai shekara shida ba, da 3,000 ga mai shida zuwa sha bakwai, aka ce za a ba iyaye rabi tun kafin lokacin cike haraji. Daga 15 ga Yuli zuwa 15 ga Disamba, dala 800 na faɗowa asusunmu kowane wata: 300 na Auta, 250 na Abba, 250 na Ummi. Duka 4,800 ke nan. Ki faɗi adadin kawai, a rubuta shi a fom na 8812, a cire daga 9,600, a ba mu saura. Shi ke nan fa.

To wa ya aike ki rabon gado? Don kawai muna cike haraji tare, sai kika raba kuɗin biyu, kika rubuta 2,400 ƙarƙashin sunan kowa. Uwargida ta karanta tata a tsaye a kicin, ludayi a hannu, ta sake karantawa, sannan ta kashe wutar kunu. "Baban Abba, ashe ina da dala dubu biyu da ɗari huɗu a wurinka?" Na ce lissafin ofis ne kawai. Ta ce, "Gwamnati ce ta rubuta, ga sunana nan. Ko ka fi gwamnati iya lissafi?" Ta ninke ki, ta sa a jakar da take ajiye littafin adashi, ta ja zif. Kafin azahar an kira Yaya a Kumasi, an karanta mata ke kalma kalma, hukunci kuma ya fito daga can: bashi ne, kuma bashi hanji ne.

Ke da ba ki taɓa sayen takalmin yaro ba! Ina layin da kika ware wa kuɗin haya? Ina na madara, ina na rigunan sanyi uku, ina na ƙafar Abba da ke ƙin takalminta duk zangon karatu? Shafi guda gare ki, kin sami wurin rubuta yawan yara, amma ba ki sami wurin cewa yaran na cin abinci ba.

Mai cike mana takardu kuwa ya ce ba ya taɓa komai sai ya gan ku ku biyu a kan tebur, domin in adadin ya saɓa da na hukumar haraji, kuɗin da za a mayar mana sai su maƙale makonni. Uwargida ta ji wannan, ta yi murmushi. Yanzu kina garkuwa a jakarta, kuɗin fansa 2,400, wa'adi 18 ga Afrilun 2022, ga azumi na shigowa farkon watan.

Sauran ƙorafi ba zan ja su ba. An ce in duba a intanet, shafin ya ce sai na ɗauki hoton fuskata tukuna. Na buga waya, na sha kiɗa har batir ya mutu. Su kuma kuɗin wata-watan, tun Janairun 2022 ko sallama ba su yi mana ba.

Roƙona guda ne. Ki koma wurin masu aiko ki, ki ce su sake buga ki kashi uku, da sunan Abba da Ummi da Auta, tunda su suka cinye. Mai bin bashi ya bi su, suna nan a falo suna jiran abincin dare.

Naki ba don ya so ba,
Direba mai biyan abin da bai ci ba