Yadda Na Koya wa Motata Azumi

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, da sabon shugaban ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya shelanta a wurin rantsar da shi cewa tallafin man fetur ya ƙare, litar da muke saye ƙasa da Naira 200 ta wayi gari ta haura 500, kowane mai mota a birnin Kano ya zama gwanin ilmin hisabi, ko da kuwa a makaranta lissafi ne ya kore shi. Waɗansu suka jingine motocinsu suka lulluɓe da tampol, waɗansu suka sayar suka koma babur. Ni kuwa, da yake Allah ya hore mini wata 'yar tsohuwar Starlet wadda ta girmi babban ɗana, kuma ya jarrabe ni da son bincike, sai na ƙudura cewa ba zan rabu da ita ba, zan dai koya mata azumi, tun da israfi abin zargi ne a wurin malamai gaba ɗaya.

Na fara da abin da masana suka yi ittifaƙi a kansa. Fetur ba ya ci sai da iska, kimanin kashi 15 na iska ga kashi 1 na mai bisa nauyi, saboda haka matatar iskar da ƙurar hunturu ta toshe takan sa mota mai kafireta ta yi ta zuƙar mai fiye da ƙima. Na sake ta, na sake fulogi. Na kuma fahimci cewa iskar da ke tokare gaban mota, idan direba ya ninka gudunsa sau biyu, ita sai ta ninka tokarewarta sau huɗu, don haka mai tafiya a kan 80 yana isa da ragowar mai a tanki alhali mai 120 yana can yana ciniki da 'yan bumburutu. Mafi girman darasi kuwa a tafin ƙafa yake: duk birkin da mutum ya taka da ƙarfi, man da ya riga ya biya kuɗinsa ne ya zubar a kan kwalta. Na daina fizgar mota daga danja, na riƙa ɗaga ƙafa daga totur tun daga nesa, na riƙa shiga babbar giya da wuri, kuma hakika na ga fa'ida a aljihuna.

To, amma ma'abocin ilmi ba ya tsayawa a babin tsarki ya ce ya sauke littafi. Na garzaya wurin wani bakanike da ke aiki a gindin darbejiya, ya matse mini jet ɗin kafireta har motar ta koma tari a kowace mahaɗa, sa'an nan wani mai talla ya sayar mini da mayen ƙarfe wanda ake ɗaurewa a jikin bututun mai, bisa da'awar cewa yana daidaita sahun ƙwayoyin fetur kafin su shiga inji. Fetur dai ba ƙarfe ba ne, kuma iyakar abin da na ga na'urar ta kama shi ne wata ƙusa mai tsatsa, amma na bar ta a wurin saboda kyautata zato.

Daga nan na shiga mas'alar nauyi, wadda a cikinta ijtihadina ya kai maƙura. Na auna, na ga cewa safayar taya da jak da makullan kwance taya kaya ne da nake yawo da su dare da rana ba tare da sun biya ko kwabo ba, sai na sauke su a zaure. Na daina cika tanki, domin kowace lita tana da nauyin kusan kashi uku cikin huɗu na kilo, kuma wauta ce mutum ya ƙona mai wajen ɗaukar mai. Buta da dardumar salla kaɗai suka tsira. Uwargida ta tsaya tana kallona, ta ce cikin ladabi, "Maigida, in dai nauyi ne damuwar, ko in rage maka malmalar tuwon dare?" Ban tanka ba, domin ba kowace tambaya ce ta cancanci jawabi ba. Na wuce wurin mai faci, na ce ya ɗura wa kowace taya iska 50 a geji, ko da yake masu ƙera motar sun rubuta kusan 30, bisa ƙiyasin cewa idan taya mai ƙarancin iska tana ƙara shan mai, wanda gaskiya ne, lalle mai yawan iska za ta kusa daina sha ɗungum.

Saura gangara. Na ji direbobi suna faɗin sa mota a firi, ni kuwa na ƙara da kashe injin gaba ɗaya. Illa dai Kano shimfiɗaɗɗen gari ne, in ka ɗebe Dala da Gwauron Dutse, waɗanda mota ba ta hawa, don haka sai na riƙa yin zagaye mai nisa in hau gadar Ƙofar Nasarawa domin in sami abin gangarowa.

Ana cikin haka, a tsakiyar zafin bazara, aka yi haihuwa a dangin matata a Wudil, surukina kuwa, wanda malami ne mai almajirai, kuma Allah ya yi masa yalwar jiki gwargwadon yalwar ilminsa, ya aiko cewa ni zan kai shi suna. Ya fito da almajiri ɗaya da huhun goro da ragon suna, aka buɗe but, ya yaba da faɗinsa ƙwarai, ban kuwa ga dalilin bayyana masa asalin wannan faɗi ba. Na rufe tagogi duka saboda tokarewar iska, muka kama hanya a kan 50, tifofin yashi suna wuce mu suna hon, Malam yana jan carbi, gumi yana sauka daga ƙarƙashin rawaninsa, kunyar surukuta ta hana shi cewa uffan.

Kafin mu isa Wudil sai ga 'yar gangara, irin wadda na daɗe ina roƙon Allah ya nuna mini. Na yi bisimilla, na sa firi, na murɗa makulli, sai dai farin ciki ya sa na murɗa shi har ƙarshe ya zaro a hannuna. A nan na sami ilmi biyu a lokaci guda, ba tare da na durƙusa gaban kowa ba: na ɗaya, sitiyari yakan kulle idan makulli ya fita, na biyu, ƙarfin birki daga zuƙar injin yake samuwa, idan inji ya mutu sai ya ba ka taki biyu ko uku na bankwana, sa'an nan ya sandare. Hanya ta karkata hagu, mu kuwa muka zarce bisa istiƙama, muka sauka cikin wata gona da aka share ana jiran damina, tayar gaba mai iska 50 ta haɗu da kututture ta fashe da ƙarar da ta tashi tsuntsayen ƙauyen, but ya buɗe, rago ya dira ya nufi gabas.

Da ƙura ta lafa, aka tabbata ba wanda ya ji ko ƙwarzane, Malam ya gama salati, ya gyara rawani, ya dubi almajirinsa, domin bai ga ya dace ya dube ni ba.

"Kai, tambaye shi, ina safaya?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, tana gida."

"Tambaye shi me take yi a gida."

"Allah gafarta Malam, tana rage nauyi."

Malam ya yi shiru mai tsawo, sa'an nan ya umarci almajiri ya bi rago. Na biya ɗan acaɓa ya kai tayar gari ya komo, na biya samarin da suka ɗaga motar da hannu a madadin jak, na biya waɗanda suka tare rago a bakin wata fadama, na kuma sayi galan guda a wurin 'yan bumburutu da tsadar da ba zan rubuta ba, domin ɗan abin da ke tanki bai isa komawa ba. Duk da haka ina so a rubuta, saboda adalci, cewa tun daga kan gangarar har cikin gonar motar ba ta sha ko ɗigo ba, kuma ban san wani injiniya a Japan da ya taɓa kai wa wannan matsayi ba.

An raɗa sunan bayan azahar. Malam ya koma Kano a motar haya, kuma da almajirai suka tambaye shi hukuncin shiga motata a zaman karatu na washegari, sai ya ce bai sami nassin da ya haramta ba, amma mustahabbi ne ga mai niyyar shiga ya biya basussukansa ya bar wasiyya.