Sarkin Ruwan Kasuwar Artisan

Bakina ne ya ja mini. Shekara goma sha ɗaya ina sayar da albasa a Kasuwar Artisan da ke Inugu, iyakar sanina da garin daga rumfa sai masallaci sai tashar mota. Ran nan babbar 'yata ta dawo daga makaranta da labarin an kai 'yan ajinsu dajin Ngwo, an gangara da su kwazazzabo, sun bi rafi da ƙafa har cikin wani kogo inda ruwa ke zubowa daga rufin dutse. Ta ce akwai ɗan jagora, har ƙananan yara ma ana kaiwa.

Da na yi shiru da an zauna lafiya. Sai na ce, "Wannan har ruwa ne? Ni da na tashi a Wudil, a bakin kogi?"

A Wudil na tashi, wannan ba ƙarya. Abin da ban taɓa gaya wa iyalina ba shi ne, duk iyon da yaran unguwarmu suka yi, ni ne mai gadin riguna.

Ranar Lahadi na fito cikin farar shadda da ta sha bugu, da hula kube, da takalmi sau-ciki. Uwargida ta dube ni sama da ƙasa.

"Maigida, ɗaurin aure za mu ko rafi?"

Na ce mata garin da Malam Umaru Altine, mutumin Sakkwato, ya zama magajin garinsa na farko tun shekarun 1950, ba a nan zan fita da silifa a raina mu ba. Na kuma cusa cinikin Asabar gaba ɗaya a aljihun gaba, don ban yarda in bar kuɗi a gida ba kowa ba.

Muka ɗauki shatar mota, muka hau tudun Milliken, tsohuwar hanyar da aka sassaƙa a jikin dutse zamanin Turawa, a ƙasar da aka gano kwal a 1909. Tana murɗewa kamar maciji, gefe guda rami ne har ƙasa. Yara na ihun murna, ni ina jan carbi a ɓoye. Can kafin mahaɗar Nain Mail muka shiga dajin: dogayen bishiyoyi a jere kamar sahun Idi, ganyensu sirara kamar allura.

Ɗan jagoran saurayi ne ɗan Ibo, mai ladabi. Ya ce a bi shi ɗaya bayan ɗaya, inda ya sa ƙafa nan za a sa, kada a taka dutsen da ya yi gansakuka, kuma in hadari ya taso za mu juya, don ruwa kan cika kwazazzabo kafin mutum ya ankara. Daga nan ya nuna takalmina, ya ce in cire. Na ce masa ni ɗan bakin kogi ne.

Gangaren na sauke shi da zama, ina riƙe da saiwoyi. Wannan ba a gani sosai ba, don ni ne na baya. Da muka shiga rafin sai bangon dutse ya matso ta dama da hagu, sama ta koma 'yar siririya, ruwan ga sanyi kamar daga randa. Ɗan jagora yana ta cewa "Nwayo, nwayo," wato a hankali. Uwargida da silifarta ta roba tana tafe kamar a tsakar gida. Ni kuwa na hango wani faffaɗan dutse kore shar, na ce ga wurin da zan tsira da takalmina.

Ban san lokacin da sama ta koma ƙasa ba.

Babbar riga ta sha ruwa ta rufe mini fuska. Na tabbata kwana ya ƙare. Na shiga salati da ƙarfi, ina dukan ruwa da hannu da ƙafa yadda na ga yaran Wudil suna yi, ina kiran a taimake ni, ina yafe wa masu riƙe da bashin albasata. Sai na ji an ɗaga rigar daga fuskata. Autana ne, ɗan shekara shida, tsaye a kaina.

"Abba, tashi mana. Ruwan iya ƙwaurina ne."

Hulata ta riga ta kama hanyarta, takalmin hagu ya bi ta. Ɗan jagora yana "Ndo, Alhaji, ndo," kafaɗunsa na rawa. Uwargida ta toshe baki da gyale, wai tari take.

Kogon dai, in faɗi gaskiya, ya isa a je dominsa. Ruwa ne ke saukowa ta wata kafa a rufin dutsen tare da hasken rana, ya taru a ƙasa garai-garai, ƙararsa ta cika wurin har ba ka jin maganar na kusa. Na tsaya baki buɗe, sai hannuna ya faɗa aljihu.

'Yan hamsin da 'yan ashirin na leda ko a jikinsu. 'Yan dubu-dubun ne suka haɗe wuri guda kamar curin fura. Na samu dutse busasshe a bakin kogon, na zauna ina ɓare su ɗaya-ɗaya, ina shanyawa, ina danne kowace da tsakuwa. Yara suka ruga ƙarƙashin ruwan. Kafin su tafi suka tuɓe rigunansu na sama suka jibge a gefena, uwarsu ta ɗora jakarta a kai.

"Tunda kana zaune, Maigida, ka duba mana kayan."

Ranar Litinin na isa kasuwa da asuba, ban san 'yata ta ɗauki abin a wayar uwarta ba, ban kuma san ya riga ya zaga WhatsApp ɗin matan layinmu ba. Ina sauke buhun farko mai tumatirin da ke maƙwabtaka da ni ya cire hula, ya durƙusa har ƙasa.

"Ranka ya daɗe, Sarkin Ruwa. An ce an yafe bashi?"