Alhaji, Ko Mota Ta Lalace?

A Adarbisinat, can kan hanyar Agadas zuwa Damagaram, teɓa shaidar arziki ce. Ƙasar da ake duba lafiyar raƙumi a tozonsa, ba mamaki a duba ta mutum a cikinsa.

To, a ce mai hali ya tafi Tunisiya an yi masa aikin rage ƙiba, irin wanda ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi. Lokotoro ya gindaya sharaɗi: loma kaɗan-kaɗan, a guji sukari, a riƙa tattaki kullum.

Nan ake yin ta. Bai kai bakin gari ba mai babur ya tsaya: "Alhaji, ko mota ta lalace? Hau in kai ka." Makiyayin da ya wuni bin garke zuwa rijiya kuwa ya rasa gane mai tafiya yana zufa alhali ba abin da ya ɓace masa.

A fada, wurin hira da abokai, abin ya fi muni. Shayi zagaye uku, sukari kamar an ba da shi sadaka, ƙin karɓa kuma raini ne. "Haba Alhaji, kofi ɗaya ba ya kisa!" Da ya ba da baya a soma tsegumin ramarsa: wani ya ce sammu, wani ya ce karayar arziki. Su ne kuwa bara suke masa tsiyar numfashi in ya sunkuya ɗaura takalmi.

Shawarata, ya riƙa fita da igiya a hannu, ya ce akuya yake nema. Ba mai tsayar da shi, abokan ma sai su bi shi taya nema.