Masu Neman Aiki a Samnu da Takardunsu

Samnu garin dabino ne da gonakin ban-ruwa a arewa maso gabashin Sabha ta ƙasar Libiya, kan hanyar Jufra. Bahaushen da ya keto sahara daga Agadas ta Dirku da Gatrun yakan yada zango a irin wannan wuri, kuma ranar da ya ɗaga kai wajen kamfani ko ƙungiyar agaji a Sabha sai a ce ya kawo "sira zatiya", wato takardar da ke faɗin ko shi wane ne da abin da ya iya. Yawancin takardun nan suna faɗin komai ban da abin da mai ɗaukar aiki ya tambaya.

Ga Malam Komai-da-ruwanka: direba ne, birkila ne, mai gyaran wuta ne, wanzami ne, a layin ƙarshe har kuku. Mai karantawa bai ga sana'a biyar ba, yunwa kawai ya gani. Ga kuma Magajin Takarda, wanda ya kai ta abokinsa shagon kwamfuta aka canza suna aka manta shekaru, sai ga shi ya gama sakandare kafin a yaye shi. Maroƙin Kansa shi da kakansa yake farawa, ya bi ta firamare da kyautar tseren da ya ci, sana'ar tana can shafi na uku inda ba mai isa. Akwai wanda takardarsa tsaf take, amma lambar wayar ta Nijar ce, mai farawa da 227, layin kuwa ya mutu tun a Madama, kafin ya shigo Libiya. Bai sayi na Libyana ko Al-Madar ba, yana zaune yana zargin maƙiya.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne Mai Kunya. Ya shekara shida yana kwance injin ban-ruwa yana ɗaurawa, yana hawa dabino ya yi masa barbara a kan lokaci, daga jin ƙarar famfo ya san ya sha iska. Aka ba shi alƙalami ya rubuta "lebura". Za a ce ai yabon kai jahilci, kuma haka ne. Amma "ni haziƙi ne mai riƙon amana" shi ne yabon kai, kowa ma ya rubuta shi. "Na kula da itacen dabino 200 da injin 3, ga lambar mai gonar" lissafi ne, wanda za a iya gwadawa kafin shayi ya huce.

Wasu za su ce a Samnu wa ke karanta takarda, aiki ai ta hannun mai masauki ko ɗan gari ake samu. Ban musa ba. Sai dai shi ma mai masaukin, in ya tsaya gaban Balaraben gona, magana biyu ko uku zai yi a kanka, kuma abin da ka ba shi zai faɗa. In ka ba shi sana'a biyar zai yi ta kame-kame, in ka ba shi "lebura" kuɗin lebura zai yanko maka.

Saboda haka ɗan'uwa, shafi ɗaya ya isa: sana'a guda a sama, shekarunta, mutum ɗaya da zai shaide ka, da lambar da ke shiga. A sa wanda ya iya Larabci ya duba maka kafin ka biya dinarin bugawa.